Ƙishirwar Baba

Talata, bayan makaranta

Jiya aka sallamo Baba. Ya dawo da siririyar roba a hanci, an manne ta da filasta a kumatunsa. Ta nan abinci yake shiga, ta nan ruwa, ta nan magani. Nas ta ce an ba bakinsa hutu.

Goggo Dinatu, yayar Baba, ta iso daga ƙauye da buhun gero da tsamiya. Ta ce ba za ta koma ba sai ta ga ƙaninta yana cin tuwo da hannunsa. A ɗakina ta shimfiɗa tabarmarta. Tun bayan Mama ban ƙara jin numfashin wani a ɗakin nan ba.

Ba na son rubuta sunan abin da ya same shi. Ranar Lahadi ce, yana tsaye gaban kwaya, mawaƙan cocinmu, yana kaɗa musu hannu, sai hannun ya sauka, bai ƙara tashi ba. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Zafi ya shigo Samaru sosai. Mangwaron bayan gida ya fara nuna, yana faɗowa kan kwano babu mai tsinta.

Alhamis, da yamma

Maganar Baba tana fitowa da nauyi, kamar harshen ya yi wa bakin yawa. Abu biyu ne nake ji sarai: "Ziba", da "ruwa".

Daga gadonsa yana hango randa. Randar tana zufa, ɗigo yana gangarowa a jikinta a hankali, shi kuma yana binsa da ido har ƙasa. Na zuba masa ruwa ta roba kamar yadda aka koya mini. Cikinsa ya sha, amma bakinsa bai sani ba.

Yanzu in zan sha ruwa bayan gida nake zagayawa, in juya wa tagarsa baya.

Asabar, da rana

Mun kai Baba Sabon Gari. Likita ne ya ce mu ga wata mai suna Nonye, mai gyaran magana da haɗiya. A asibiti take aiki, amma ranar Asabar tana ganin mutane a wani ɗan ɗaki bayan kemis. Muka ɗauki shatar Keke Napep, Baba a tsakiya, ni da Goggo muna tokare da shi. Daga Hanwa har Kwangila idonsa yana kan masu tallar fiya wata.

Anti Nonye gajeriya ce mai tabarau. 'Yar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta kamar ta 'yan cikin birni. Baba ta fara gaisarwa, har da durƙusawa, kuma ta jira ya gama amsawa duk da ya daɗe.

Goggo ba ta zauna ba. Ta ce, "Yarinya, ke likita ce?"

"A'a, Mama."

"Nas ce?"

"A'a."

"To an ce mana malamar magana ce ke. Mu ba magana muka zo nema ba. Wannan da kike gani ya yi maganar da ta ishe shi a duniya, har da waƙa. Ci muke so ya yi."

Anti Nonye ta yi dariya. Ta kama hannun Goggo ta ɗora mata a maƙogwaronta. "Mama, ku ce a. To ku haɗiye yawu. Kun ji? Wuri ɗaya ne ya motsa. Harshen da ke juya magana shi ke tura tuwo. Ƙofar da murya ke fitowa ita ce ke rufewa kada ruwa ya faɗa huhu. Karatuna na jami'a a kan wannan ɗan wurin na yi shi. Da na gama, sai da na sake zama a hannun wata babba a asibiti ina koyon haɗiya kaɗai, tana tsaye a kaina, kafin a bar ni in taɓa wuyan mutum. Kun yi daidai da kuka tambaya. Duk wanda zai sa wa Baba cokali a baki da sunan aiki, ku tambaye shi inda ya koya."

Goggo ta zare hannunta. "Hm. Duk wannan karatun don a haɗiye yawu."

Aka duba bakin Baba, aka sa ya fito da harshe, ya hura kumatu. Sannan Anti Nonye ta ɗora yatsu a wuyansa, ta ba shi rabin cokalin ruwa. Ya lumshe ido. Bai yi tari ba.

"Kin gani!" in ji Goggo.

"Baba, ku ce aaa."

Muryar ta fito jiƙe, tana kurkura, kamar ta mutumin da ke magana daga ƙarƙashin kogi.

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Anti Nonye. "Mai lafiya in ruwa ya sarƙe shi sai ya yi tari. Maƙogwaron Baba ya daina jin abin da ke wucewa, shi ya sa ya yi shiru. Ruwa kuwa ya fi komai gudu, kafin ƙofar ta rufe ya shige. Babu ruwa ta baki, babu koko, babu shayi, sai na ce."

Ta nuna mini yadda zan jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta, da yadda zan wanke masa baki, da motsin harshe da zai riƙa yi. Ta tambayi sunana. Na ce Hephzibah. Sai da ta sa na maimaita, don ba ta ji ba.

Lahadi, da safe

Na yi mafarki madatsar ruwa ta taso ta shigo gidanmu a hankali, ba ta fasa komai ba. Kujeru suna yawo a kai. Baba yana tsaye ruwa iya ƙirji yana kaɗa wa kwaya hannu biyu.

Talata, da yamma

Goggo ta kawo Malam Felix, wanda ke koyar da yara masu i'ina da kurame. Ta ce shi ma malamin magana ne, kuma ɗan cocinmu ne, ya san Baba tun suna samari, me zai sa mu riƙa jigila zuwa Sabon Gari.

Malam Felix ya zauna bakin gado ya riƙe hannun Baba mai lafiya. Goggo ta ajiye masa kwanon koko da cokali a gabansa. Ya kalli kwanon, ya ture shi gefe da ɗan yatsa.

"Yaya Dinatu, ni kalma nake koya wa yara su furta. Haɗiya ban taɓa koyonta ba. In na sa masa wannan a baki, ban san me zan saurara ba."

"Kai ma tsoron 'yar tabarau ɗin kake ji."

"Tsoron maƙogwaron nake ji."

Daga ƙarshe shi ya shanye kokon. Baba ya yi dariya da rabin fuskarsa.

Alhamis, bayan makaranta

Na tarar da Baba fuskarsa a sake, kamar wanda ya dawo daga tafiya mai daɗi. Leɓunansa suna sheƙi. Akwai moɗa a ƙarƙashin gado, jikinta da sanyi. Ya ce, "Ziba." Da muryar kogin nan ya faɗa.

Goggo tana tsintar wake a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mutum ba shuka ba ne da za a riƙa ba shi ruwa ta tiyo. Uwarmu da koko mai ruwa-ruwa muka yi jinyarta. Abin da ba shi da kauri shi ke sauƙin wucewa, kowa ya san wannan. Ko tari bai yi ba."

Na tsaya da jakata a kafaɗa. Na shirya maganar tsaf a cikin kaina, har da dalilai, kamar amsar jarrabawa. Sai na ji bakina yana tambayarta ko in hura wuta.

Asabar, da safe

Jikinsa zafi.

Lahadi, da rana

Asibiti. Ɗakin da muka bari, gado daban.

Likita ya ce huhun dama ne. Ya tambaya ko an ba shi wani abu ta baki. Goggo ta kalli taga. Ni na kalli takalmina.

Talata

Ba na iya karatu. Na buɗe littafin Bayoloji a shafin maƙogwaro, na zauna ina kallon zanen har layukan suka fara motsi.

Laraba

Zafin ya ɗan sauka. Ya sauka. Ina ganin ya sauka.

Litinin, bayan azahar

Yau na ga cikin Baba.

Anti Nonye ta ce yatsu da kunne ba sa gaya mata komai da komai, sai an ɗauki hoton haɗiya. Ita da likitan hoto suka yi aikin tare. Bayan an gama ta kira ni da Goggo gaban allon, ta kunna mana.

Babu fuska, babu fata. Ƙashin kai ne da haƙora, fari-fari cikin hazo, yana motsi a hankali kamar wani da ke addu'a a wata duniya. Amma na gane shi. Yadda yake karkata kai, Baba ne.

Da aka ba shi mai ruwa-ruwa, sai wani baƙin zare ya rabu da sauran, ya sulale ta gaba, ya gangara inda iska ke bi. Ƙashin kan bai ko motsa ba. Da aka ba shi mai kauri, ya sunkuyar da haɓa, sai abin ya dunƙule wuri ɗaya, ya tsaya, ya jira, sannan ya wuce ta baya lafiya lau.

Goggo ta ce a sake kunna na farkon. Aka sake. Ta kai yatsa kan allon tana bin zaren, kamar za ta tare shi.

"Nan ne huhun?"

"Nan ne hanyarsa, Mama."

Muka fito har bakin get. Can ta ce, "Ashe ƙaramin abu ne haka."

Juma'a, da yamma

Muna gida. Robar tana nan, amma an yarda Baba ya fara ɗanɗana abinci ta baki, kaɗan kaɗan, mai kauri kuma mai laushi, wanda in an karkata cokali zai tsaya ya yi tunani kafin ya zubo. Zai zauna a miƙe, haɓa ƙasa, ya haɗiye sau biyu, ya ce aaa. Ni ce mai saurare.

Goggo ta mayar da randa kicin da kanta.

Fasto Sebastian ya zo dubiya. Ya ce ranar Ista da yamma zai zo da dattawa a ba Baba Jibin Ubangiji a gida, tunda ba zai iya zuwa coci ba. Baba ya yi kuka. Tunda aka yi masa baftisma Jibi bai taɓa wuce shi ba sai wannan karon.

Bayan sun tafi na ce wa Goggo, a hankali, ai abin da ake sha a ɗan ƙoƙon Jibin nan ruwa-ruwa ne.

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Wannan ba ruwa ba ne, Ziba. Jinin Ubangiji ne. Shi ya yi maƙogwaron, zai ɓata hanya a ciki?"

Asabar, da rana

Na tambayi Anti Nonye, lokacin da Goggo ta fita neman keke.

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "Ɗan ƙoƙon nan ya fi abin da ya kwantar da shi a asibiti yawa a haɗiya ɗaya. Kuma kin san yadda ake shansa, kai baya. Burodin ma busasshe ne, yana marmashewa. Huhunsa bai gama warkewa ba, Hephzibah. Ba na son ya sake."

Ta ba ni ɗan gwangwanin garin da ke sa ruwa kauri, ta nuna mini awo. Ta ce in an jiƙa burodin a ciki an dama ya yi laushi, a cokali, zai iya.

"Amma ya halatta?" na ce.

"Abin da maƙogwaronsa zai ɗauka ni zan faɗa, don shi na koya. Abin da ya halatta a yi wa ƙoƙon ba karatuna ba ne, na Fasto ne. Ki tambaye shi. Ni zan tafi garinmu Ista."

Gwangwanin yana cikin jakar makarantata, ƙarƙashin littafin lissafi.

Talata, da safe

Mafarki: ina tsaye gaban coci zan yi sanarwa. Na buɗe baki sai ƙananan kifaye suka riƙa fitowa, suna iyo a iska, suna bi ta tagogi. Kowa yana murmushi.

Juma'a, bayan sujada

Na jira Fasto a bakin ƙofa. Mutane suka yi ta shiga gabana, ina ja da baya ina ba su hanya. Da ya iso kaina ya dafa ni ya ce, "'Yata, yaya Baba? Sai mun zo jibi." Na ce, "Allah ya kai mu."

Na kira lambar Anti Nonye don ta yi masa magana da kanta. Ba ta shiga.

Asabar

Ba ta shiga. Hadari ya taso ta gabas, ya tsaya, ya watse.

Lahadin Ista, gab da faɗuwar rana



Sun zo su da yawa: Fasto, dattawa biyu, da wasu 'yan kwaya. Falon ya cika da ƙamshin guga da turare. Muka zaunar da Baba a kujerarsa cikin farar rigarsa. Da suka fara waƙa, hannunsa mai lafiya ya riƙa tashi yana sauka a gwiwarsa, kuma na lura shi suke bi.

Ni ina bakin labule, gwangwanin a aljihun siket ɗina. Ba na cin Jibi, ba a yi mini baftisma ba tukuna. Wurina ke nan, bakin labule.

Fasto ya yi addu'a, ya karanta abin da aka saba karantawa. Ya gutsuri burodi, ya ɗauki ɗan ƙoƙon gilashin. Hasken taga ya bi ta cikinsa, ja, yana rawa. Baba ya buɗe baki, ya fara mayar da kai baya.

Ban san yadda na ƙetare falon ba. Na dai ga tafin hannuna tsakanin ƙoƙon da bakinsa.

Waƙar ta tsinke.

"Hephzibah!" in ji Goggo. "Kin haukace? Cire hannunki a gaban teburin Ubangiji!"

Ban cire ba. Na ce, "Fasto, ku yi haƙuri." Ba su ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, har na tsorata da muryata. Na ce ruwa yana bin hanyar huhunsa, kuma ba ya tari, ba za a sani ba sai zazzaɓi ya zo. Na ce mun gani a hoto, Goggo ma ta gani. Na ce wadda ta koyi aikin ta ce in da kauri zai iya. Na fito da gwangwanin. Ina kuka, amma ban daina magana ba.

Goggo ta ce, "Fasto, ku gaya mata. Jinin Ubangiji zai cuci mutum?"

Ɗaya dattijon ya ce tunda yake bai taɓa ganin an zuba wa Jibi gari ba.

Fasto ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Sannan ya sunkuya gaban Baba ya ce, "Raphael, kai me ka ce?"

Baba ya kalli ƙoƙon. Na san kallon, irin wanda yake yi wa randa ne. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya kama wuyan hannuna, wanda ke tare da ƙoƙon, ya riƙe shi a inda yake.

Fasto ya miƙe. Ya ce, "An umarce mu mu ci, mu sha. Ba a gaya mana kaurinsa ba. A kawo cokali."

Ba wanda ya motsa. Can wata 'yar kwaya ta shiga kicin ta ɗauko.

"Ni ban san awon ba," in ji Fasto. "Zan riƙe ƙoƙon, ke ki zuba."

Na zuba, na dama, muka jira ya kama. Fasto ya sa burodin a ciki, na murƙushe shi har ya narke. Na karkata cokalin a gaban kowa. Ya tsaya. Fasto ya karɓa, ya sake yin addu'a a kai, ya kai bakin Baba.

Na ce, "Baba, haɓa ƙasa."

Na ɗora yatsuna a wuyansa. Na ji abin ya tashi, ya sauka. Na ce ya sake. Ya sake. Falon shiru, har ana jin kukan kurciya a kan kwano.

Ya ce aaa. Muryarsa ta fito a bushe.

Goggo ba ta raka baƙi ba. Har yanzu ba ta yi mini magana ba.

Litinin, da safe

Goshinsa sanyi. Amma wancan karon ma ba washegari zazzaɓin ya zo ba.

Talata, da safe

Sanyi. Na taɓa, na sake taɓawa, har ya ture hannuna.

Goggo ta ajiye mini abinci ba ta kira sunana ba.

Laraba, kafin makaranta

Sanyi. Numfashinsa sumul. Ya yi motsin harshensa, ya yi mini gwalo da gangan.

Na sa yunifom ina ɗaure takalmi sai na ji Goggo daga kicin. "Ke, malamar maƙogwaro. Zo ki duba wannan kafin in kai masa."

Kunun gyaɗa ta dama, ta tace shi sumul. Ta miƙo mini cokali ba ta kalle ni ba. Na ɗiba, na karkata. Ya zubo da ɗan sauri.

Na ce, "Bai yi ba, Goggo. A ƙara gari."

Ta dube ni, ta dubi tukunyar. Ta ja kwanon garin kusa, ta mayar da tukunyar kan wuta.